Amsoshin Tambayoyinku: Mene Ne Bambancin "Polish" Da "Burnish"?

Tambaya: Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Katsina. Muna karanta jarida da ɗalibaina a aji sai muka ci karo da inda aka ce wani ɗan siyasa yana ƙoƙarin "burnish his image". Muka buɗe ƙamus, ya ce mana ma'anar "burnish" ita ce "polish". Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "To Malama, in haka ne ke nan zan iya cewa na yi 'burnish' ɗin takalmina da safe?" Na ji a raina ba daidai ba ne, amma na rasa dalilin da zan ba ta. Don Allah a warware mana.

Amsa: Allah ya yi wa wannan yarinya albarka, domin ta yi tambayar da ta dace a wurin da ya dace. Abin da kika ji a ranki kuma daidai ne. Ƙamus bai yi muku ƙarya ba, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Duka kalmomin biyu suna nufin a goga abu har ya yi sulɓi ya yi sheƙi, amma yadda ake kai wa ga sheƙin ya bambanta, kuma faɗin kalmomin ba ɗaya ba ne. "Polish" kalma ce ta kowa da kowa, ta gida da kasuwa. "Burnish" kuwa ta masu sana'a ce da marubuta, kuma ba kowane abu take hawa ba.

Bari mu fara da abin da ke sa abu ya yi sheƙi tun farko, domin a nan asirin yake. In aka sa fuskar ƙarfe ko katako a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, za a ga ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar yadda ido ke gani. Cike take da 'yan tudu da 'yan kwari. Haske in ya faɗa a kansu sai ya watse ta ko'ina, shi ya sa abin ke zama dusu-dusu. In fuskar ta daidaita, hasken sai ya dawo a dunƙule, ido ya ga ƙyalli. To hanya uku ce ake daidaita ta. Ko dai a kankare tudun har su yi daidai da kwarin, ko a cika kwarin da wani abu kamar kaki ko mai, ko kuma a danne tudun da ƙarfi su kwanta cikin kwarin ba tare da an cire komai ko an ƙara komai ba. Ta farko da ta biyu duk Bature "polish" yake ce musu. Ta ukun nan ita ce "burnish".

A wurin maƙera da masu injina, "polish" cin jikin abu ne kaɗan-kaɗan. A fara da samfefa mai kaushi, a koma mai laushi, a koma wadda ta fi ta, daga ƙarshe a shafa wani ƙullu mai ɗauke da gari mai laushin gaske a bi da ƙyalle. Duk wanda ya taɓa goge tiren tagulla ko zoben azurfa ya ga yadda tsumman ke komawa baƙi ƙirin. Wannan baƙin, dattin da ya hau ƙarfen ne haɗe da ɗan abin da aka kankaro daga jikinsa. Haka ake yi wa gilashin tabarau, haka ake yi wa marmara. Daimon ma, wanda babu dutsen da ya kai shi tauri, da garin daimon ɗan'uwansa ake goge shi a kan faifan ƙarfe mai juyawa, sana'ar da birnin Antwerp na Beljiyam ya yi suna da ita, kuma a yau birnin Surat na Indiya ne ke yin mafi yawanta.

Misalin da na fi so a nan shi ne na shinkafa. Bayan an cire ɓuntu, ƙwayar shinkafa tana da wata fata siririya mai ɗan ja, wato dusa. Injin da ke kankare wannan dusa ya bar ƙwayar fara tas yana fitar da abin da Turawa ke kira "polished rice". A shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Christiaan Eijkman, da ke aiki a tsibirin Java na ƙasar da ake kira Indonisiya a yau, ya lura cewa kajin da ake ciyarwa da irin wannan farar shinkafa suna kamuwa da wani ciwo mai kama da beriberi, mai kashe ƙafafu, kuma suna warkewa in an koma ba su wadda ba a goge ba. Daga baya aka gane sinadarin bitamin B1 ne ke tafiya tare da dusar. Wannan bincike ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1929. Kin ga ke nan kalmar tana ɗauke da ma'anar ragewa: an sami fari da sheƙi, amma wani abu ya fita. Babu Baturen da zai ce "burnished rice".

Yanzu mu koma kan ɗayar. In kina son ɗalibanki su ga "burnish" da idonsu, ki kai su wurin maginiyar tukwane a lokacin da tukunya ta sha iska, ta yi tauri amma ba ta bushe ƙarau ba. Za ta ɗora tukunyar a cinya, ta ɗauko wani ɗan dutse mai sulɓi wanda hannu ya riga ya saba da shi, ta shiga murza bayan tukunyar da shi, tana dannawa, tana bin wuri ɗaya sau da yawa kafin ta matsa gaba. Babu ƙurar da ke tashi, babu garin da ke zuba a zaninta. Amma duk inda dutsen ya bi sai yumɓun ya ƙara duhu ya ɗauki sheƙi, har a iya bambanta inda aka murza da inda ba a kai ba da ɗan yatsa kawai. Abin da ya faru shi ne ƙwayoyin yumɓun sun kwanta sun manne da juna, ƙofofin da ke tsakaninsu sun ragu. Shi ya sa tukunyar da aka yi wa haka ba ta tsatsafo da ruwa kamar wadda aka bari. Lokaci kuma yana da muhimmanci: in yumɓun ya yi danshi da yawa dutsen zai kwashe shi, in kuma wutar gashi ta wuce kima sheƙin ya gudu. Akwai shahararriyar maginiya haifaffiyar Kenya da ke zaune a Ingila, Magdalene Odundo, wadda tukwanenta ke gidajen tarihi na duniya. Ba ta shafa musu ruwan gilashin nan na tangaran, murza su take yi da hannu, kuma duk wanda zai yi rubutu a kansu da Turanci "burnished" yake cewa. A tsakiyar shekarun 1970 ta zo cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, take aiki, ta koyi ginin hannu irin na Gwari.

Masana'antu da yawa suna da nasu irin wannan aiki. Masu manna ganyen zinariya a bangon littafi ko a gefen allon hoto suna murza shi da dutsen aƙiƙ, irin wanda ake sa wa zobe, domin ganyen ya yi sirantakar da in aka ce za a kankare shi babu abin da zai rage. Masu yin takarda a ƙasashen Musulmi na dā sukan shafa mata sitaci su murza ta da aƙiƙ ko gilashi domin alƙalami ya tafi sumul, tawada kuma kada ta watsu. Baduku yakan murza bakin fatar da ya yanka da katako ko ƙashi har gashin ya kwanta bakin ya yi sulɓi. Likitan haƙori yana da ɗan ƙarfe mai dunƙulallen kai da ake kira "burnisher", wanda yake danne cikon haƙori da shi, alhali wankin haƙorin da ake yi a asibiti sunansa "scaling and polishing". A masana'antar injina kuwa akwai "roller burnishing", inda ake birgina wasu taurara 'yan ƙarafa a kan fuskar ƙarfe da matsi mai yawa, kamar cikin bututun da ke ɗaga hannun katafila. Injiniyoyi suna son wannan hanya ne saboda ba sulɓi kaɗai take bayarwa ba, har taurin fuskar ƙarfen take ƙarawa.

Daga nan wata ƙa'ida ke fitowa wadda ƙamus ba ya faɗa: abin da za a yi wa "burnish" dole ya zama mai karɓar matsi, wanda in an danna shi zai kwanta. Zinariya, azurfa, tagulla, ɗanyen yumɓu, fata, katako, takarda. Gilashi da daimon ba sa kwanciya, fashewa suke yi, saboda haka su sai "polish".

Mu Hausawa wannan hikima ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya wuce ta mabuga a Kano ya ji ƙarar nan ta bugu tun daga nesa, mutum biyu zaune suna fuskantar juna da gungume a tsakaninsu, gudumar katako na sauka a kan shadda ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun yi karo ba. Ba a rage komai a jikin shaddar ba, zaren ne aka kwantar, ga shi kuma ta fito tana ɗaukar ido. Haka turkuɗi da rawani ɗan Kura, waɗanda ake bugawa da shuni har su riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Masu saƙa na Ingila da Ailan suna da tasu kalmar ga irin wannan bugu, "beetling", amma dabarar ita ce dai ta "burnish": sheƙi ta hanyar dannewa.

To takalmin yarinyar fa? Abin da take yi da safe shi ne ta shafa mai, ta bi da buroshi, ta ƙarasa da tsumma. Man nan kaki ne da launi, yana cika 'yan ramukan fatar, saboda haka "I polished my shoes" za ta ce. Shi kansa man sunansa "shoe polish", kamar Kiwi ɗin da ke cikin akwatin kowane shushaina, wanda wani mutum mai suna William Ramsay ya fara yi a birnin Melbourne na Ostareliya a 1906. A nan ma akwai wani bambancin: "polish" tana zama sunan abin da ake shafawa, na takalmi, na kujera, na farce, amma babu gwangwanin da za ki saya a kanti a ce miki "burnish" ne a ciki. Duk da haka kada a ce wa yarinyar kalmar ba ta taɓa kusantar takalmi. A tallan takalma masu tsada za ta ga "burnished leather", wato fatar da aka murza a masana'anta a kan faifai mai juyawa har zafin gugar ya sa bakin takalmin ya fi sauran jikinsa duhu da sheƙi. Wannan aikin mai yin takalmi ne, ba na mai sa shi ba.

Asalin kalmomin yana ƙara haske. Dukansu ta Faransanci suka shigo Turanci. Bayan William na Normandy ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu na tsawon lokaci, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Turanci, waɗannan biyun kuma sun bayyana a rubuce wajen ƙarni na 14. "Polish" daga "polir" take, ita kuma daga "polire" ta Latin, wato a daidaita abu ya yi sumul. Daga tushen nan ne "polite" ta fito, mai ladabi, wanda aka goge wa kaushin hali. "Burnish" kuwa daga "burnir" ko "brunir" take, 'yar'uwar "brun", wadda ita ce "brown" ta Turancin yau, launin ƙasa-ƙasa, kuma a dā tana ɗauke da ma'anar ƙyalli. Har yanzu wannan launi bai rabu da kalmar ba. Marubuci in ya ce "burnished" yawanci zinariya ce ko tagulla ko jan ƙarfe a zuciyarsa, sheƙi mai ɗumi mai zurfi, irin na sararin sama gab da faɗuwar rana ko na gashin jan doki mai ƙoshi. "Polished" ba ruwanta da launi, madubi ma "polished" ne. Ki kuma jawo hankalin yaran cewa "burnish" ba ta da dangantaka da "burn" ta ƙonewa, kamannin rubutu ne kawai.

Yanzu ga inda kuka ci karo da ita, wato ma'anar aro. A nan ne na fi son ki tsaya da ɗalibanki, domin a nan za su fi haɗuwa da kalmar a rayuwarsu. Bature in ya ari "polish" yana nufin gyaran shi kansa abin, a cire masa kurakurai. Ɗaliba za ta yi "polish" ɗin insha'inta kafin ta miƙa, ta soke kalmar da ta yi yawa, ta daidaita jimlar da ta karkace. Mai neman aiki zai ce yana so ya yi "polish up" ɗin Turancinsa. Jawabin da aka shirya da kyau, babu inda-inda, "polished speech" ne. Mutumin da ke da ilimi amma bai iya zama da mutane ba, a ce "he lacks polish". Ma'anar ragewar nan tana nan ba ta ɓace ba: ana kankare kaushi ne.

"Burnish" ta aro kuwa abokan tafiyarta kaɗan ne, kuma kusan kullum su ne dai: "image", "reputation", "credentials", "legacy". Wato kamanni a idon jama'a, suna, shaidar cancanta, da abin da za a tuna mutum da shi. Gwamnan da wa'adinsa ya kusa ƙarewa ya shiga buɗe ayyuka, kamfanin da ya sha suka ya fara raba tallafin karatu, ɗan takarar da ke yawan ziyartar ƙasashen waje domin a ce ya san harkar duniya, duk waɗannan jarida za ta ce suna "burnish" ne. Mutumin yana nan yadda yake, ba a cire masa komai ba, fuskar da yake nuna wa duniya ce ake ƙara wa haske. A ganina shi ya sa 'yan jarida ke ƙaunar kalmar: ba zagi ba ce, ana iya faɗinta a kan mutumin kirki da ya ƙara wa sunansa daraja da aikin gaske, amma tana bar wa mai karatu ƙofar ya tambayi kansa ko gyaran ya wuce fuska. Kishiyarta a wannan fage ita ce "tarnish", dusashewar da ke kama azurfa in an ajiye ta, wadda ake ara a ce an ɓata wa mutum suna. In yaran suka riƙe su tare, ɗaya na ƙara wa suna haske ɗaya na dusashe shi, ba za su manta ba.

Gaskiya ita ce iyakar ba ta da katanga ta ko'ina. "Polish his image" Turanci ne mai kyau, ana faɗa ana rubutawa. Amma ba a juya abin: "burnish your English" za ta sa Bature ya ɗaga kai ya dube ki. Haka kuma "polish off", wato a cinye abinci tas ko a gama aiki nan da nan, ba ta da takwara a wajen "burnish". Masu goge daɓen manyan gine-gine ma suna da nasu amfanin na daban: injin da ke juyi 175 a minti suna ce masa "buffer", wanda ke juyi 1,500 ko fiye kuma "burnisher". Kowace sana'a takan ja kalma zuwa inda ta fi mata amfani.

Akwai tarko ɗaya ga mai fassara zuwa Hausa. Da yake "polish" gogewa ce, sai hannu ya yi saurin rubuta "gogagge" a madadin "polished". Ba kullum suke haɗuwa ba. Gogaggen ɗan kasuwa a wurinmu shi ne wanda ya daɗe a harka, ya ga jiya ya ga yau, ba a yi masa wayo, ko da kuwa maganarsa gatsal ce. Wannan Bature "seasoned" ko "experienced" zai ce masa. "Polished" kuwa mai iya magana ne da iya shiga mutane, mai tsari a sutura da lafazi, ko da jiya ya fara aikin. Ita kuma "burnish his image" ba sai an jawo gogewa ba sam, "yana neman gyara sunansa a idon jama'a" ta wadatar.

Sai batun furuci, wanda na san kina fama da shi a aji. Harshenmu yakan mayar da "v" ta koma "b", kuma Turancin Ingila ba ya furta "r" a irin wannan wuri, saboda haka kalmomi huɗu sukan narke su zama ɗaya a bakin yaro: "burnish" da muke magana a kai, "banish" ta korar mutum daga gari, "varnish" ta man sheƙin da kafinta ke shafa wa katako, da "vanish" ta ɓacewa. Ki rubuta su a allo jere, ki sa su furta ɗaya bayan ɗaya, sannan ki yi musu shifta da su. Haka kuma "Polish" mai babban baƙi a farko wata kalma ce dabam, tana nufin abin da ya shafi ƙasar Foland ko harshen mutanenta, kuma wasalinta na farko dogo ne, na wadda muke magana a kai gajere.

Abu ɗaya da ya kamata ki gaya musu kafin jarrabawa: a tambayoyin WAEC ko NECO ko JAMB inda ake neman kalmar da ta fi kusa a ma'ana, in aka ja layi a ƙarƙashin "burnish" kuma "polish" na cikin zaɓin, ita za su ɗauka ba tare da wani kokwanto ba, domin kusanci ake tambaya, ba daidaito ba. Amma in su ne ke riƙe da alƙalami suna rubuta nasu, su bar "burnish" sai inda ake maganar murza ƙarfe, yumɓu ko fata, ko kuma sunan mutum a idon jama'a. Ki gaida mana wannan yarinya, Malama, ki kuma ce mata ta ci gaba da ɗaga hannu.